Igiya ashirin daga rijiyar Nomau

Ƴaƴana, wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba. Na riga na tsara cewa daga labarin lekwal ɗin Tasawa, makarantar bokon da na yi, zan tsallaka zuwa aurena da mahaifiyarku, in bar wasu shekaru a tsakiya, ina ganin ba wanda zai tsaya ƙirga. Rabi ce ta ɓata mini tsarin, kuma ba da saninta ba.

Tun bara kuka matsa mini a yi wa gonakinmu na Tudun Aduwa takardun mallaka irin na zamani, don kada rigima ta tashi bayan raina. Rabi, da yake ita ce auta kuma ita ke aikin biro, wato ofis, a Maradi, ta zo nan Mayahi da ordinatarta, na'urar nan da ake ce wa kwamfuta, ta zazzage tsofaffin takardun da ke cikin adakata ta ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma yi wani jeri na sunayensu, in ka taɓa suna sai hoton takardar ya buɗe. Abin ya burge ni, ni da na yi shekara talatin ina lasar yatsa ina juya shafi. Sai yayanta Sani, wanda ba ya ganin abu ya bari, ya ce a sa masa jerin a tasa na'urar. Aka sa. Ya taɓa inda aka rubuta gona, yana jiran takardar kakansa ta fito, sai ga hoton garkar albasarsa, shi kuma a tsaye a tsakiyarta yana washe baki. Ya ce na'urar ta haukace. Rabi ta ce lafiyarta ƙalau, laifin nata ne, ta juyo wajena don ta ga ina son in gane.

"Baba, hanya biyu ake gwada mata wurin abu," in ji ta. "Akwai gajera, a ce mata daga nan inda kike, shiga ɗakin takardu ki ɗauko gona. Ita na rubuta. To da jerin ya koma wajen Yaya Sani, daga can ta soma, shi ma shina da ɗakin takardu, shina da gona. Ba ta ƙarya, Baba, amma kuma ba ta tambaya."

Ta ce doguwar hanyar daga tushe take farawa, a ambaci sunan na'urar, a bi ɗaki bayan ɗaki har a kai ga takardar. A birônsu ma haka suke yi, akwai babbar na'ura guda da kowa ke ajiya a cikinta, kuma da sunanta ake buɗe hanyar, don ko daga wane tebur mutum ya nema takarda ɗaya zai samu. Sai dai doguwar tana da gajiyar rubutu, shi ya sa mutane ke gudunta, ga shi gajerar ba ta nuna aibunta muddin ba a gusa da komai ba. Kowa ya yi wa Sani dariya, ni ma na yi. Sannan na ce zan yi alwala, na ɗauki buta na zagaya bayan ɗaki na zauna a kan turmi, ban yi alwalar ba. Takardar da Sani yake nema da hannuna na rubuta ta, ina saurayi, kuma gajerar hanya na rubuta.

Bari in koma farko. A ƙauyenmu akwai wani mutum ana ce masa Nomau, haƙar rijiya ce sana'arsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa ɗaya ba ya ji tun da ƙasa ta taɓa rufta masa, don haka in yana yi maka sirri har mutanen bayan gari suna ji. Shi ya haƙa rijiyar da ke cikin kwari, gabas da gari, ya ɗaure bakinta da itacen ƙirya, kuma ita muka sha tun muna yara. Shi da Baba aminai ne. Gonar Nomau ta fara daga bakin rijiyar ta miƙa gabas, inda ta ƙare nan tamu ta ɗauka. Amma abin da ya haɗa gidajenmu ya fi gona. Da aka haife ni Iya ta kwanta ciwo, nononta ya ɗauke, sai Inna Hajo matar Nomau, wadda ke goyon ɗanta Sa'idu ɗan wata biyu, ta karɓe ni. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, haka ta yaye mu. Har na girma tana yi mini tsiya, wai Sa'idu tsotsa yake yi, ni kuwa kwasa nake yi kamar wanda zai tafi fatauci.

Ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai na dawo gida daga lekwal, da alƙalami a aljihun gaba inda kowa zai gani. Lokacin gujiya, wato gyaɗa, ta shiga kan mutane. Dajin da a da ba mai kallonsa an sare shi, maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin tuwo tare sun soma harara a kan taku biyu na ƙasa. Baba da Nomau suka ga haka suka ce ba za su bar wa ƴaƴansu wannan ba, tunda Allah Ya ba su ɗa mai rubutu a yi takarda. Yayana Mamman ba ya gari, ya tafi cin rani. Aka kwance igiyar gugar Nomau, mai gaba goma sha biyar, ni da Sa'idu muka ja ta daga bakin rijiyar muka nufi gabas, tsoffin suna biye da mu tare da mai gari suna ƙirgawa. A igiya ta ashirin aka tsaya, nan ne iyakar da suka sani tun da. Muka koma inuwa na zauna na rubuta da faransanci, kwafi biyu, cewa iyakar tana igiya ashirin gabas da rijiya, yamma da ita na Nomau, gabas da ita na Baba. Ko ɗigon tawada bai zuba ba, takardun suka fito kamar daga birôn kumandan, babban jami'in mulkin ƙasarmu.

Nomau ya ce in fassara masa. Na fassara. Ya karkato kunnensa mai ji ya ce in sake, na sake. Sai ya nuna tudun da ke yamma, kusa da gari, inda ma'aikatan gwamnati suka soma haƙar wata rijiya ta siminti a ranin nan.

"Sa rijiyar Nomau, ɗana," ya ce. "Ga wata can ana ginawa."

Na ce masa takardar hukuma ba a sa mata sunan mutum a kan rijiya. Ban san inda na samo wannan doka ba, a take na ƙaga ta. Gaskiyar maganar ita ce na gama kwafi biyu masu kyau, ba na son in sake, kuma ba na son in yi ƙari a gefe ya ɓata mini layi. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har ya rufe mini kunne. Baba ya yi dariya ya ce a bar yaro, shi ya san ƙa'idarsu, kuma wa ke cikin garin nan da bai san rijiya ba. Nomau ya girgiza kai ya ce rijiya ma tana mutuwa, shi da ya haƙa su ya binne da yawa. Ya dangwala yatsansa a tawada ya danna. Baba ya danna, mai gari ya danna, kowa ya ɗauki kwafinsa.

Abin da Nomau ya faɗa shi ya faru. Aka gama rijiyar siminti, tana igiya takwas yamma da tsohuwar, mata suka koma can don ta fi kusa kuma ruwanta ya fi haske. Tsohuwar aka bar ta ga awaki, wata damina ta rufta, rairayi ya cike ramin har aka daina gane wurin sai wanda ya sani. Cikin ƴan shekaru mai gari ya rasu, Baba ya bi shi, Nomau bai yi wata shida a bayan amininsa ba. Cikin waɗanda suka tsaya a wurin awon sai ni da Sa'idu muka rage. Ni na samu aikin awon gujiya a Tasawa, ina zuwa gida jefi-jefi. Sa'idu kuwa ya ga gonar ta fi ƙarfin hauyarsa shi kaɗai, sai ya ba Mamman aron gefenta na gabas, wanda ya haɗu da tamu, jigawa ce mai laushi irin wadda gujiya ke so. Mamman ya samu shanu da garma a lokacin. Gambar da Baba ya dasa a kan iyaka, garma ba ta san ta ba, ta bi ta kai ta wuce. Damina uku ya noma wurin. A ta huɗu Sa'idu ya samu ƙarfi ya ce zai karɓi abinsa, Mamman ya ce ai wurin namu ne tun asali, ya fito da kwafin Baba.

Ba na so ku ɗauki Mamman a matsayin mugu, domin ba mugu ba ne. Da aka zo ɗibar yara zuwa lekwal, shi Baba ya ɓoye a rumbu ni aka miƙa, ana ganin an yi masa gata. Shi ya riƙe hauya duk shekarun da na riƙe alƙalami, duk garin da na ci a Tasawa daga guminsa ya fito, kuma bayan Baba baki goma sha huɗu suka koma wuyansa. Mutum ne da ya ɗanɗana damina uku ba tare da fargabar bazara ba, ya kasa saki. Ya shigo kamiyo, babbar motar kaya, ya same ni ranar kasuwar Tasawa. Muka ci abinci, ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi maganar aurena da mahaifiyarku wadda ake ta ɗagawa don ba hali, ya ce in Allah Ya so kakar bana za a yi shi, gujiyar jigawar nan kaɗai ta isa. Sai da ya tashi tafiya ya faɗi abin da ya kawo shi. Sa'idu ya kai ƙara, za a zo daga Mayahi, kuma ni za a kira.

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Isa," ya ce. "Ni ban nan ranar da anka auna. Abin da hannunka ya rubuta, shi za ka ce ka rubuta. Shi ke nan."

Na so in ce masa na san rijiyar. Na so in ce Sa'idu ɗan'uwana ne kamar yadda shi yake ɗan'uwana. Sai na raka shi tasha na saya masa goro. A ganina a lokacin ba a nemi komai daga gare ni ba sai shiru, shiru kuwa ba ƙarya ba ce. Da wannan na lallashi kaina mako guda, kuma mai ilimi in ya tashi lallashin kansa ya fi jahili iyawa.

Na iso gida ana gobe za a zauna. Na tarar da Iya a tsakar gida da la'asar tana ɓarar gujiyar iri. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, ba ta ɗago kai ba. Ita ba mai yawan magana ba ce, kuma a gidan Mamman take ci, shi ke yi mata sutura. Na zauna ina taya ta. Can ta ce:

"Ni na haihe ka, amma ba ni na raya ka ba. Ka san wannan."

Na ce na sani, kuma abin da na sani shi zan faɗa. Ta ce Allah Ya sa, ta ci gaba da ɓara. Da safe sai ga Inna Hajo da ƙwaryar fura, kamar yadda take kawo mini duk lokacin da na zo gari, da nono mai yawa don ta san haka nake so. Ba ta ambaci gona ba ko da kalma ɗaya. Ta duba wuyana ta ce na rame, matan Tasawa ba su iya tuwo ba, ta tsaya sai da na sha a gabanta. Ba roƙo ta zo yi ba, domin a wajenta babu abin roƙo. Sa'idu ma da muka haɗu a hanya ya riƙe hannuna ya ce tunda na zo magana ta ƙare, dama abin da yake jira ke nan. Da sun yi shakkata da abin ya zo mini da sauƙi.

Aka zauna a ƙofar sabon mai gari da hantsi. Wakilin sarki ya zo, tare da wani matashin ma'aikaci mai karanta faransanci. Ba zan ɗora wa mutanen nan komai ba, aikinsu suka yi kuma da gaskiya suka yi shi. Ma'aikacin yana karanta takardar ya gane inda matsalar take. Ya duba ranar da aka rubuta ta, ya tambayi dattawa, suka ce a ranin nan rijiyoyin biyu duk suna nan, ɗaya ana sha ɗaya ana ginawa, amma ba su je wurin awon ba. Sa'idu ya ce daga rijiyar ubansa aka auna. Wakili ya ce ya ji, sai dai mai ƙara ba ya zama shaidar kansa. Suka juyo gare ni. Ma'aikacin ya kira ni mushe, wato malam da faransanci, abin da ya yi mini daɗi a lokacin, Allah Ya yafe mini, ya tambaye ni ko rubutuna ne, na ce nawa ne. Ya ce to wace rijiya nake nufi. Amsar tun daga Tasawa na taho da ita a shirye.

"Ranka shi daɗe, an jima," na ce. "Ban iya tunawa. Abin da ke cikin takarda shi na sani."

Ashe ba shiru aka nema daga gare ni ba, sai da na buɗe baki. Sa'idu ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai son ya taimake ni in tuna.

"Isa, ni da kai munka ja igiyar," ya ce. "Kai ka riƙe gaba, har ƙaya ta soke ka."

Na ce ban musa ba, amma an jima. Tabon ƙayar yana nan a diddigena har yau. Sa'idu ya miƙe ya ce a kawo Alƙur'ani zai dafa. Wakili ya yarda, aka aika a ɗauko. Sai Inna Hajo ta taso daga inda mata ke zaune ta shigo tsakiyar maza, abin da ba a saba gani ba, ta ce ɗanta ba zai yi rantsuwa ba. Aka ce mata ai rantsuwar ce za ta ba su gonar. Ta ce ta sani, amma in Sa'idu ya dafa, to a kan wa zai dafa? Su biyun nono ɗaya suka sha, ba za ta tsaya tana kallo ɗaya ya jawo wa ɗaya abin da ba ya da magani a kan ƙasa ba. Sa'idu ya yi ta roƙonta, ta ƙi. Mutane suka ce tsufa ne. Ni na san ba tsufa ba ne. Ta ga abin da na yi sarai, kuma ni take karewa.

Wakili ya ce tunda haka ne, ba a awo daga rijiyar da ido ba ya gani, a auna daga wadda ke tsaye. Aka nemo igiya mai gaba goma sha biyar. Aka ce ni mai rubutu in riƙe gaba don kada a ce an yi cuta. Na riƙe. Muka taso daga rijiyar siminti, muka sauka kwari, a igiya ta takwas ƙafata ta taka inda tsohuwar rijiyar take, na ji ƙasar ta fi laushi, na wuce. A ta ashirin muka tsaya a tsakiyar gonar Nomau, igiya takwas kafin iyakar gaskiya. Aka kafa turke. Mamman bai yi murna ba, ya sunkuyar da kai ya koma gida. Mutane suka watse. Ina naɗe igiyar Inna Hajo ta zo ta tsaya kusa da ni, ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Isa, da kana jinjiri, in ka ƙoshi da kanka kake saki," ta ce. "Ban taɓa ƙwace maka ba."

Ta gyara mayafinta ta tafi. Wannan ce maganar ƙarshe da ta yi mini a duniya, ban da amsa gaisuwa. Sa'idu ya noma igiya goma sha biyun da suka rage damina biyu, ba su ishe shi ba, ya kwashe iyalinsa da uwarsa suka koma wajen danginta a Gidan Amumune. Can ta rasu. Labarin ya iske ni a Tasawa, ban je gaisuwa ba, na ce lokacin awo ne ba a ba da izini. Ban ma nemi izinin ba. Kunya ce ta hana ni, sannan kunyar rashin zuwan ta hana ni zuwa daga baya, haka ɗaya ta yi ta haifar ɗaya har aka kwashe shekaru.

Aka yi aurena a kakar nan kamar yadda Mamman ya yi alkawari. Da muka zo rabon gadon Baba, da kansa ya ware igiya takwas ɗin nan ya sa a kasona, ya ce ni na kawo ta ni zan riƙe ta. Ban sani ba ko kyauta ce ko kuwa sauke kaya ya yi, kuma har ya rasu ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na so ƙwarai a ce gonar ta ƙi. Da ta ƙi, da na ce Allah Ya hukunta ni a nan duniya, in huta. Ba ta ƙi ba. Da kasuwar gujiya ta mutu muka mayar da ita hatsi da wake, ta yi ta bayarwa, har a shekarun fari da gonakin tudu suka ƙone ita ba ta bar mu hannu wofi ba. Littattafanku, kayan lekwal ɗinku, ragon sunan kowannenku, akwai ƙasar Nomau a ciki. Mahaifiyarku ta rayu da ni shekara arba'in da ɗoriya tana gaya wa mutane cewa mijinta ko da wasa bai iya ƙarya ba. Ina ji ina yin shiru. Ta rasu da wannan, kuma cikin duk abin da ke damuna wannan na kusa da gaba.

Kwana uku bayan dariyar garkar albasa na sa Sani ya kai ni Gidan Amumune, na ce masa zan gaida wani tsohon aboki. Duk hanya ina shirya abin da zan gaya wa Sa'idu, na ce ko zagina zai yi in tsaya ya gama. Da muka tambaya a kasuwa aka ce ai ya rasu shekara shida da suka wuce. Aka nuna mana autansa Haruna a inda masu kabu-kabu ke tsayawa, mutum ne har da furfura a gemu, da kafaɗun kakansa. Da na faɗi sunana ya kashe babur ɗinsa ya sauko ya durƙusa. Ya kai mu gida, ya sa aka dama fura, ya tara ƴaƴansa su gaida ni. Ya ce shi da ƴan'uwansa sun san ni tun suna yara, babansu yakan ba su labarin ɗan'uwansa na nono wanda rubutunsa ya fi na kumandan kyau. Na tambaye shi ko Sa'idu ya taɓa ba su labarin gona.

"Ya faɗi," in ji Haruna. "Ya ce karatu ne ya yi maka yawa, mantuwa ta kama ka ranar. Ya ce kada wanda ya riƙe ka a zuci, mantuwa ba laihi ba ce."

Ban san ko Sa'idu ya yarda da wannan ba, ko kuwa sutura ya yi mini a gaban ƴaƴansa kamar yadda uwarsa ta yi mini a gaban gari. Na buɗe baki in gyara maganar, bakin ya ƙi. A gaban ɗansa, da furarsu a hannuna, na sake yin abin da na yi wancan karon. Na ce masa dai ya zo Mayahi bayan girbi akwai magana. Shi ya sa nake rubutawa, tunda alƙalami ne ya ɓata, kuma na ga bakina ba abin dogaro ba ne.

To ga abin da nake so ku yi, kuma ina so a yi shi ina da rai. Kada a sa igiya takwas ɗin nan cikin takardun mallakarmu. Na san Sani ya riga ya yi niyyar kai albasarsa can, ya yi haƙuri, ba tamu ba ce. Ku kai ni kwari in tsaya muku a kan wurin, ƙafata ba ta ɓata shi ba. Ku haƙa kamu biyu ko uku za ku iske baƙin itacen ƙirya a jere a zagaye, ƙirya ba ta ruɓewa da wuri. Rabi ta ce wayarta tana iya ba da lambobin wuri waɗanda ba sa gusawa ko gari ya tashi, to ta tsaya a nan ta ɗauka ta rubuta. Daga nan a ja igiya mai gaba goma sha biyar sau ashirin zuwa gabas, Haruna ya riƙe gaba. Wannan karon a rubuta doguwar hanya ko da za ta cinye shafi: jihar Maradi, ƙasar Mayahi, ƙauyen Tudun Aduwa, cikin kwarin da ke gabas da gari, rijiyar da Nomau ya haƙa ya ɗaure da ƙirya, wadda ta rufta. Amfanin da muka ci na shekarun nan ba ni da abin da zan biya shi, sai dai in roƙa.

Ku yi kwafin wannan babin ku kai wa Haruna, a karanta masa a gaban ƴaƴansa, kada a tsallake ko layi ɗaya. Haruna, abin da babanka ya gaya muku alheri ne ya yi mini, amma ba haka aka yi ba. Ranar da aka tambaye ni na sani, kuma tun daga ranar ba a yi wayewar garin da ban sani ba. Ban manta ba. Rijiyar Nomau ce.